Takardar Izini da Lamirin Kirista



Kaka ta zo, dawa ta nuna, ikilisiyoyinmu kuma sun shiga shirin bikin godiya. A cikin wannan shiri ne waɗansu 'yan kwamiti daga yankin Dutsin-Ma da Kurfi suka kawo mana tambaya. Suka ce rufin majami'a yana yoyo, baiko kuwa bai kai ba. Ko ya dace a nemi izinin kwana ɗaya daga hukuma, a sayar da giya a filin biki, a sa ribar cikin aikin Allah? Tambaya ce ta masu kishin Ikilisiya, saboda haka ta cancanci amsa a fili.

Bari mu fara da doka. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya sa ba da lasisin sayar da giya da kula da shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Izinin wucin gadi takarda ce mai iyaka: akwai sunan mai ita, da wurin, da ranar, ranar ta wuce, izini ya mutu. Amma a ƙasar nan batun ya fi haka nauyi. Tun bayan yarjejeniyar Burasal ta 1890, Turawan mulkin mallaka suka sa Arewa cikin yankunan da aka hana shigo da barasa. A shekarar 2000 kuma Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Kada kowa ya ɗauka abin da ya ga ana yi a Jos ko Makurɗi haka yake a nan. Manzo Bulus ya umarce mu da yi wa mahukunta biyayya (Romawa 13). Don haka sayarwa a ɓoye, ko ba ma'aikaci na goro domin ya kau da kai, ba hanyar Kirista ba ce.

To, a ce ma takardar ta samu, shi ke nan? A'a. Hukuma tana iya buga hatimi a takarda, amma ba ta iya wanke lamiri.

Ikilisiyar Katolika ba ta koyar da cewa ruwan inabi ƙazanta ne ba. A bikin Kana ta Galili Ubangijinmu ya mai da ruwan randuna 6 ya zama ruwan inabi (Yahaya 2), kuma da gurasa da ruwan inabi muke miƙa hadayar Misa. Sai dai mu lura: a Kana kyauta aka bayar domin rufin asirin ango, ba ciniki aka yi ba. Mai ciniki kuwa burinsa kaya su ƙare. Ranar da Ikilisiya ta kafa rumfar giya, ribarta za ta dogara ne ga yawan shan 'ya'yanta. Yaya za mu yi wa'azin kamunkai da safe, da yamma mu riƙa murna cewa tulu ya ƙare? Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya gargaɗe mu a sashe na 2290 da mu guji wuce gona da iri wajen sha, ya kuma ɗora babban laifi a kan wanda maye ya sa ya jefa ran wasu cikin haɗari a kan hanya. Mu tuna da matasan da za su hau babur su koma ƙauyukansu bayan faɗuwar rana.

Mu tuna kuma da gida. Da dawa ake dafa burkutu. Kowane kwano da aka jiƙa da kaka, a cikin watan Agusta za a neme shi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara suna kallon tukunya. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi kowa sanin wannan lissafi, gama su ne sukan kwana da hawayensa.

Sa'an nan mu dubi maƙwabta. Mu kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi. Kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke ɗiba. Da yawansu ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, halinmu ne littafin da suke karantawa. Manzo Bulus ya koya mana cewa gara mutum ya bar abin da yake da 'yancin yi, da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe (Romawa 14). A 2023 ne Fafaroma Faransis ya kafa Dayosis na Katsina, ya ba mu Bishof Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar nan. Dayosis jariri ne, sunan da muka yi masa yanzu shi zai bi shi. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga shawararmu. Kada a nemi izinin sayar da giya da sunan Ikilisiya, ko a harabarta. Wanda yake da bikin aure ko suna a gidansa, ya kiyaye doka, ya nisanta yara da abin maye, ya sallami baƙinsa da sauran rana. A filin godiya kuwa a kawo kunun zaƙi da zoɓo da fura da nono, a soya waina, a gasa tsire, a yi gwanjon dawa da gyaɗa da kaji da awaki. Rumfa irin wannan kowa yana iya zama a cikinta, har mai unguwa da jama'arsa.

Mai yiwuwa kuɗin ba zai kai ba bana. In haka ne, sai mu rufe rabi, mu jira baɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Gara mu yi sujada ruwa yana ɗiga a kanmu, da mu zauna ƙarƙashin kwanon da aka saya da abincin 'ya'yan wani.

Bari Budurwa Maryamu, wadda ta lura da rashin masu biki a Kana, ta yi roƙo dominmu. Ubangiji ya albarkaci amfanin gonakinku, ya tsare shigarku da fitarku. Amin.