Maƙwabcin da Ba a Gani

A shekarar da na kammala jami'a, na tsaya a gefen hanyar Kano zuwa Jos, kusa da dajin Falgore, domin in saya wa mahaifiyata buhun gawayi. Muna cikin ciniki sai na shiga yi wa dattijon da ke sayarwa wa'azin abin da na haddace a aji game da illar sare itatuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, gawayin nan a murhun wa zai ƙone, nawa ko naku?" Na ce, "Namu, Baba." Na biya shi na tafi, amma har yau ban daina juya tambayarsa a zuciyata ba. Idan daji ya mutu, alhakinsa a wuyan wa yake?

Kafin a amsa, ya kamata a san aikin da dajin yake yi. Kogin Kano yana ratsa Falgore kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ruwan yake shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura, ya haɗu da kogin Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi. Saiwoyin kirya da marke da doka su ne ke riƙe ƙasa, busassun ganyayensu kuma suna rage ƙarfin ruwan sama har ya samu ya nutse. Idan aka sare su, ruwa ya kwashi yashi da laka ya jibge a madatsa, cikinta ya riƙa cikewa. Namun dajin ma suna da nasu aikin: gogon biri da ya sha ɗinya ko kanya, shi ne ke kai ƙwallonta wani wuri ta tsiro. Dajin da aka ƙarar da dabbobinsa ya rasa masu yi masa shuka.

A al'adarmu da addininmu haƙƙin maƙwabci abu ne mai girma, sai dai mun saba auna maƙwabtaka da katanga. Ni kuwa ina ganin duk wanda zai sha ruwa bayanka maƙwabcinka ne, ko da ba za ku taɓa haɗuwa ba. Masunci a Nguru maƙwabcin mai gatari ne a Doguwa. Haka ma jaririn da ba a haifa ba tukuna, da gadar da ke saukowa bakin kogi da asuba. Babu ɗayansu da zai iya zuwa ya kai ƙara, wannan rashin baki nasu kuwa shi ne ya sa haƙƙinsu ya zama amana.

Wani zai ce, ai yunwar yau ta fi ƙishirwar gobe kusa, kuma zalunci ne a ce wa talaka ya ajiye gatari alhali tukunyarsa na jira. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta nuna mini kuskurena. Maƙwabtaka ba ta tafiya gefe ɗaya kamar kogi. Idan na tudu yana da nauyin kare ruwa, mu na gangare da muke cin shinkafar Kura muna da nauyin ɗaukar masa asarar da zai yi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne a ɗauki mutanen gefen daji aikin gadinsa da dasa shi a biya su, a ba su wata sana'a kamar kiwon zuma, mu kuma mazauna birni mu rage dogaro da gawayi gwargwadon ikonmu.

Saboda haka amsata ga dattijon ita ce, alhakin yana bin amfani: wanda ya fi morar dajin, kuma ya fi samun zaɓi, shi ya fi ɗaukar nauyi. Shi yana da gatari da iyali masu jiran abinci. Ni ina da ilimi da kuɗin sayen wani makamashi, amma na zaɓi araha. A ranar nan, ni ne na fi cancantar wa'azin.