Ko Begen Sama Yana Hana Mu Gyara Duniya?



Watan Nuwamba yakan zo mana da abubuwa biyu a lokaci guda. A gona ana yankan dawa, ana ɗaurin dammuna, ana gyaran rumbu. A coci kuwa muna buɗe watan da Idin Dukan Tsarkaka ran 1 ga wata, kashegari mu yi Misa domin masu bi da suka riga mu gidan gaskiya. Da safe mutum yana makabarta yana cire ciyawa daga kabarin mahaifinsa, da yamma yana masussuka yana auna abin da zai riƙe iyalinsa har damina ta kewayo. Saboda haka muka ga ya dace mu dubi wata tambaya da matasanmu suke yi mana, wadda manya da yawa ma suke riƙe da ita a zuci ba su furta ba: ashe ba wannan begen Sama ne yake sa talaka ya yi shiru ana cutarsa ba? In an ce wa mutum ladansa yana gaba, me zai sa ya damu da rijiyar da ta rufta, ko makarantar da ba malami, ko hakkinsa da aka danne?

Kada mu yi fushi da mai wannan tambaya, gama akwai gaskiya a cikinta. Sau nawa muka ce wa maƙwabci mai yunwa "Allah ya kawo sauƙi", alhali buhu yana jingine a ɗakinmu? Sau nawa aka bar yaro da zazzaɓi kwana huɗu ba a kai shi asibiti ba, aka ce an bar wa Allah? Sau nawa aka ce wa gwauruwa ta yi haƙuri, alhali dangin mijinta ne suka ƙwace gonar marayunta? Wanda ya ga irin wannan ya ce begenmu maganin barci ne, bai yi ƙarya a kan abin da ya gani ba. Sai dai abin da ya gani kasala ce da rowa da tsoro, waɗanda muka laƙa musu sunan dogara ga Allah.

Ikilisiya ta san wannan cuta tun zamanin Manzanni. A Tasalonika an sami masu bi da suka daina aiki, suna ci daga hannun 'yan'uwa, har Manzo Bulus ya tsawata musu a wasiƙarsa ta biyu, ya tuna musu yadda shi kansa ya yi aiki da hannunsa don kada ya zame wa kowa kaya. Babban Taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya sake jaddada wannan koyarwa: jiran sabuwar duniya ƙara mana himmar gyara wannan ya kamata ya yi, kuma Kiristan da ya yi watsi da hakkokinsa na duniya ya yi wa maƙwabcinsa laifi, ya yi wa Allah laifi, ya kuma sa cetonsa cikin haɗari. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya nuna ramuka biyu a gefen hanyar bege. Na ɗaya fid da zuciya, wato mutum ya ce Allah ba zai gafarta masa ko ya taimake shi ba. Na biyu ganganci, wato mutum ya dogara ga ƙarfinsa shi kaɗai, ko kuwa ya sa ran gafara ba tare da tuba ba, da lada ba tare da aiki ba. Mai naɗe hannu yana cewa ya dogara ga Allah, a rami na biyu yake. Hausawa ma sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

To, yaya bege na gaskiya yake in an gan shi a jikin mutum? Bari mu dubi wata 'yar Afirka, Waliyya Josefina Bakhita. An haife ta a ƙasar Darfur ta Sudan wajen shekarar 1869. Tana ƙaramar yarinya masu farautar bayi suka sace ta, kuma don tsananin firgita har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a. An sayar da ita sau da dama. A gidan wani janar na Turkawa aka tsaga jikinta wuri fiye da 100, aka cusa gishiri a raunukan don tabon ya zauna. Daga baya wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Hartum, a 1885 kuma aka tafi da ita Italiya, inda ta zama mai renon 'yar wani iyali. Da aka ajiye ta na ɗan lokaci wurin Sistocin Kanosa a birnin Venis, a nan ta ji labarin Yesu Kristi.

A lura da abin da ya biyo baya. Da uwargijiyarta ta zo ta koma da ita Sudan, Bakhita ta ƙi. Yarinyar da tun tana ƙarama ba ta taɓa iya ce wa mai ita a'a ba, yanzu ta tsaya da ƙafarta. Magana ta kai gaban hukuma, ran 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Ran 9 ga Janairu 1890 ta karɓi baftisma. Me ya ba ta wannan ƙarfin hali? A harshenmu kalmar ubangiji ita ce sunan mai bawa, ita ce kuma muke kiran Allah da ita. Bakhita ta sha wuya a hannun iyayengiji masu bulala, sa'an nan ta gane akwai Ubangiji na bisa dukansu, wanda ya san ta, yana ƙaunarta, shi kansa an yi masa bulala, yana kuma jiranta a gidansa. Wadda ta san haka ba ta ƙara yarda cewa ita kayan sayarwa ce. Shi ya sa Paparoma Benedikt na 16, a wasiƙarsa a kan bege ta 2007, ya kawo ta misali tun daga farko. Begen Sama ne ya buɗe bakinta.

Sauran rayuwarta ma darasi ne. Ta yi alkawarin zama Sista a 1896, a 1902 aka tura ta garin Skiyo, a can ta yi shekaru fiye da 40 tana dafa abinci, tana ɗinki, tana gyara kayan bagade, tana tsaron ƙofa. Ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin waliyyai ran 1 ga Oktoba 2000, tun 2015 kuma Ikilisiya take keɓe ranar idinta don addu'a da yaƙi da fataucin mutane. Ba ta gina babban coci ba, ba ta shugabanci kowa ba. Tukunya da allura da mabuɗin ƙofa, da su ta kai Sama.

Wannan ita ce amsarmu ga matasa. Wanda ya gaskata cewa maƙwabcinsa magajin Sama ne ba zai iya auna masa hatsi da mudun da aka bubbuge gindinsa ba. Malamin da ya san zai tsaya gaban Kristi ba zai bar aji ya tafi kasuwa ba. Ma'aikaciyar jinya ba za ta sayar da maganin da aka kawo kyauta ba. Dattijon coci ba zai yi shiru ana cinye gadon marayu ba. Sa'ad da iyayenmu na Zumuntar Mata suka tara ɗan abin da suke da shi suka kai wa mara lafiya, sa'ad da katekis ya hau keke ya tafi ƙauye mai nisa don yi wa mutum goma addu'ar Lahadi, bege ne yake aiki. Miƙa yini ga Allah da asuba, Rosari tare da iyali da dare, ikirari, da Tarayya Mai Tsarki, su ne abincin da ke riƙe wannan bege don kada ya mutu a hanya.

Amma akwai wurin da aikin hannunmu yake ƙarewa, a nan ne kuma aka fi bukatar bege. A cikinmu akwai waɗanda suka bar gonakinsu da amfani a tsaye saboda 'yan bindiga. Akwai iyayen da suka sayar da shanu da fili suka biya kuɗin fansa, ɗansu kuwa bai dawo ba. Akwai uwar da ta kai yaro asibiti a kan lokaci, duk da haka ta dawo da zane a hannu. Ba za mu yi musu alkawarin cewa gobe komai zai gyaru ba, gama Ubangiji bai yi mana wannan alkawari ba. Abin da muke da shi shi ne kabarin Yesu da aka tarar ba kowa a ciki. Saboda shi muka sani mai kisa ba shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe ba, kuma babu hawaye ko aikin kirki da zai ɓace a wurin Allah. Wannan sani ne yake hana mai makoki ɗaukar fansa a kan marar laifi, yake kuma ba shi ƙarfin neman adalci ba tare da ƙiyayya ta cinye shi ba.

Kowane manomi a cikinmu yakan ware iri tun da kaka, ya rataye zangarniya mafi kyau inda hannu ba ya kaiwa. Ko da yunwar bazara ta matsa, ba ya dafa shi. In ruwa ya sauka, sai ya zuba shi a ƙasa da hannunsa, ba shi da takardar shaida cewa damina za ta yi kyau. Ba wanda yake kiransa rago, ba kuma wanda yake kiransa wawa. Haka ya kamata mu riƙe kwanakinmu.

Saboda haka, 'yan'uwa, a wannan wata mu ziyarci kaburburan namu, mu ba da sunayensu a yi musu Misa, mu kawo godiyar kaka da zuciya ɗaya. Daga nan kowa ya dubi abu guda da ya daɗe yana cewa ya bar wa Allah alhali Allah ne ya danƙa masa: bashin da bai biya ba, ɗan'uwan da ba sa ga maciji da shi, yarinyar da aka cire daga makaranta, maganar gaskiya da ya ji tsoron faɗa. Ya yi shi kafin Zuwan Ubangiji ya shigo.

Uwarmu Maryamu da Waliyya Josefina Bakhita su yi mana roƙo. Allah ya ji ƙan matattunmu, ya ba su hutawa ta har abada, mu kuma ya same mu a bakin aiki ranar da zai kira mu. Amin.