Karanta rubutu daban, yanke hukunci daban

Duk wanda ya san Suame Magazine a Kumasi ya san cewa masu gyaran wutar mota suna da littattafansu na aiki. Ka buɗe ɗaya, za ka ga lambobi da haruffa an jera su da biro, ga baƙin mai a gefen shafi: lambar matsalar da na'ura ta nuna, lambar shasi, matakan saita sabon makulli da ƙwaƙwalwar mota. Ga mai littafin, wannan tuni ne kawai. Ga baƙon da bai san sana'ar ba kuwa, shafin ya yi kama da sirrin ɓarayin mota. A ce an tsinci irin wannan takarda kusa da inda aka yi wani laifi, wani ya ɗauki hotonta ya watsa a WhatsApp. Kafin magariba mutum ɗari sun fassara ta, hamsin sun ambaci sunan wanda suke zargi. Abin da nake tambaya shi ne: wane haƙƙi mai bincike na sa-kai yake da shi a kan rubutun wani, kuma ina haƙƙin ya tsaya?

Ba na cikin masu cewa a bar wa hukuma komai. 'Yan sa-kai sun taɓa yin abin da ƙwararru suka kasa. A watan Nuwamban 1969, wani makashi a Amurka da ke kiran kansa Zodiac ya aika wa jaridar San Francisco Chronicle saƙon sirri mai alamomi 340. Shekara 51 saƙon yana nan a kulle, sai a Disamban 2020 mutum uku suka warware shi: David Oranchak daga Amurka, Sam Blake daga Ostareliya, da Jarl Van Eycke daga Beljiyam, da taimakon manhajar kwamfuta. Ita kanta FBI ta nemi jama'a a 2011 su taya ta karanta takardu biyu na rubutun hannu da aka samu a aljihun wani mamaci, Ricky McCormick, a jihar Missouri a 1999. Idanu da yawa suna ganin abin da ido biyu suka tsallake.

Amma a lura da abin da mutanen nan uku suka yi da sakamakonsu. Sun kai wa FBI ta tabbatar kafin su shelanta. Kuma aikinsu yana da ma'auni: in mabuɗin daidai ne, saƙon zai karantu daga farko har ƙarshe, kowa zai iya gwadawa. Da saƙon ya karantu, babu sunan makashin a ciki, su ma ba su ƙirƙiro masa suna ba.

A nan ne nake ganin masta na Magazine ya fi yawancin masu sharhi a intanet fahimtar al'amarin. In na'ura ta nuna P0301, ta ce masa silinda ta ɗaya ba ta cin wuta yadda ya kamata. Ba ta ce filogi ne ba, ba ta ce kwayil ko nozul ba. Yaron da ya karanta lambar ya ruga ya sayo kaya, sai ya sha faɗa, domin karanta alama mataki ne na farko kawai. Kuma in masta ya yi kuskure, motar za ta dawo, mai ita zai tsaya masa a ka, sunansa zai ɓaci a layin. Kuskurensa yana komawa kansa, shi ya sa yake taka-tsantsan.

Mai bincike a waya ba shi da wannan linzamin. In ya dace, ya sha yabo. In ya kuskure, ya goge saƙo ya kwanta, wani ne zai biya. Bayan harin bam na tseren Boston a Afrilun 2013, masu amfani da Reddit sun ɗora zargi a kan wani ɗalibin jami'a da ya ɓace. Ba shi da hannu ko kaɗan, amma iyalinsa, da suke cikin zullumin nemansa, sai da suka sha zagi da barazana. Kamfanin ya ba da haƙuri daga baya. Mu a Ghana mun ga inda gaggawar taro take kaiwa ko ba waya: ranar 29 ga Mayun 2017, mutanen Denkyira-Obuasi suka ga bindiga a jikin Kyaftin Maxwell Mahama, suka ɗauke shi ɗan fashi, suka kashe shi. Bindigar da suka gani gaskiya ce, fassarar ce ƙarya. A Janairun 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai, amma hakan bai dawo da shi ba.

Wani zai ce, in 'yan sanda sun yi sanyin jiki, shiru ba zalunci ba ne? Ƙorafin yana da tushe, kuma matsin jama'a ya sha tayar da fayil ɗin da ya kwanta. Sai dai matsa wa hukuma ta yi aikinta abu ɗaya ne, ƙwace aikin alƙali wani abu ne daban. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ina ganin ma'anarsa ita ce wanda ya yi zargi ba hujja, sa'a ce kawai ta cece shi in ya dace.

Don haka iyakar da nake gani ke nan. Takarda ta halatta a yi mata taron dangi: a juya ta, a gwada, a yi gardama, a tambayi mai sana'ar da ya san irin rubutun. Sunan mutum da hotonsa da ƙofar gidansa kuwa, a kai su ga wanda zai amsa tambaya a gaban kotu in ya yi kuskure. Kafin ka tura fassararka ga mutum dubu, ka tambayi kanka: in ba daidai ba ce, wa za a je wa gida da dare?