Me Ya Sa Kake Son Baba Ɗan Audu?

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ina da tambaya gare ka. Tun 2020 da aka fara nuna Labarina na Aminu Saira a Arewa24, in ka zauna teburin mai shayi a Kazaure ko Roni, wa samari suka fi kwaikwayo? Baba Ɗan Audu. Mutumin da ƙarya da kwaɗayin kuɗi suka zame masa sana'a, shi ake yi wa tafi, ana cewa "Baba akwai kai!"

To, ka sani ba Rabi'u Rikadawa nake zargi ba. Aikinsa ya yi, ya kuwa iya. Kai nake tambaya. Ran da ka fara ganin makircin tsohon nan, ranka ya sosu, ko ba haka ba? Yanzu fa? Dariya kake yi. Alhali shi yana nan yadda yake, abin da ya dushe a ƙirjinka yake.

Wani zai ce ai wasa ne. Na ji. Amma ran da abokinku ya dawo daga kasuwar Babura yana ba ku labarin yadda ya tauye wa wata tsohuwa mudu, me kuka kira shi a majalisa? Azzalumi, ko mai wayo?