SHIN LAIFIN NA TSIRKIYA NE KO NA ZUCIYA?

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan ɗan rubutu ita ce: shin sauti shi kaɗai, ba tare da kalma ba, yana iya zama na kirki ko na banza? Abin da ya jawo ta shi ne goge. A ƙasarmu ta Gumel, daga Ɗanzomo har Gagarawa, idan aka busa algaita ko aka kaɗa tambari a ƙofar fada, kowa sai ya nutsu. Amma da an ji kukan goge, sai dattijo ya kau da kai, domin a wurinsa wannan kiɗan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ke da wannan ƙyama. Turawa suna da nasu gogen mai tsirkiya huɗu, wanda suke kira biyolin. Da gashin wutsiyar doki ake goga shi, ana kuma shafa wa gashin ƙaro, kamar dai namu. Suna da wani nau'in kiɗa da ake kira kwancato, watau makaɗi ɗaya, kamar mai goge, yana jagora, taron makaɗa suna yi masa amshi. A shekarar 1878 wani Barashe mai suna Caikofski ya tsara irin wannan kiɗa kashi uku: na farko mai matsakaicin sauri, na tsakiya a hankali cikin juyayi, na ƙarshe kuwa da gudu irin na rawar ƙauyawan Rasha. Da aka kaɗa shi a birnin Biyana a 1881, wani mashahurin mai sharhi, Hanslik, ya ce kashin ƙarshen ya sa shi ganin fuskokin 'yan tasha da jin warin barasa, har ya kira shi kiɗa mai ɗoyi a kunne. Yau ga shi wannan kiɗa yana cikin waɗanda manyan masu biyolin suka fi ɗauka a faifai. Sautin bai canza ba tun 1881. Ashe ke nan ɗoyin yana cikin abin da Hanslik ya tuna, watau mashaya da mutanen cikinta.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga mu hango wannan a littafinsa Ihya'u Ulumid Din. A fahimtarsa, sauraro yana tono abin da ke kwance a cikin zuciya ne. Ya hana kayan kiɗa masu tsirkiya, amma dalilin da ya bayar shi ne sun zama alamar mashaya giya, suna kuma tuna wa mutum majalisarsu. Watau dai zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo wa tsirkiya farin kai.

To, sai wani ya ce, ashe sauti ba ya da wani iko ke nan? A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu. Na farko shi ne tsanin sauti. Turawa suna da tsani mai matakai bakwai, sun kasa shi biyu, ɗaya suna danganta shi da fara'a, ɗaya da baƙin ciki. Gogenmu kuwa galibi a kan matakai biyar yake hawa. Idan ka sa wa mai sayar da shanu a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kashin tsakiya na kiɗan Caikofski, ba lalle ne ya ji baƙin cikin da Bature yake ji ba, domin wannan fassara koyonta ake yi kamar yadda ake koyon harshe.

Na biyu shi ne saurin kiɗa, kuma shi nasa ikon bai tsaya ga al'ada kaɗai ba, domin yana tafiya da bugun zuciya da takun ƙafa. Mai gangar noma ya san haka: idan ya ga 'yan gayya sun fara sanyi, sai ya ƙara wuta, fartanya ta bi ganga. Mai gogen bori ma ya sani: yakan kama taken Sarkin Rafi ko na Ɗan Galadima, ya yi ta ƙara sauri har mai hawa ya fita hayyacinsa. Dabarar ɗaya ce, amma ɗaya ta cika rumbu da gero, ɗaya ta kayar da mutum ƙasa.

A ganina, nan amsar take. Sauti yana da ƙarfin motsa jiki da zuciya, amma ba shi da niyya, kuma inda babu niyya ba a maganar lada ko zunubi. Alhakin yana wuyan mutum uku: makaɗin da ya san inda yake kora jama'a, mawaƙin da ya ɗora kalmomi a kan sautin, da mai sauraron da ya zaɓi majalisar da zai zauna. Faifai da kaset sun ƙara wa na ukun nauyi, tunda sun raba kiɗa da dandalinsa. Wanda ya kunna kukumar Garba Supa a ɗakinsa ba ya da mashaya da zai ɗora wa laifi, shi da zuciyarsa ne kawai.

Abin da ke damuna shi ne, saboda ƙyamar majalisar, mun ƙi nazarin fasahar. Turawa sun rubuta kiɗan Caikofski sauti bayan sauti, shi ya sa hukuncin Hanslik bai kashe shi ba. Mu kuwa taken gogenmu yana cikin kan tsofaffin makaɗa, kuma duk wanda ya rasu da nasa yake tafiya. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu da ta fita ƙauyuka ta ɗauko waɗannan take, ta rubuta sunayensu da yadda ake kaɗa su. Hukunci a kan majalisa na malamai ne, adana abin da kakanni suka ƙago kuwa aikinmu ne mu ɗaliban Hausa. Allah ya sa mu dace, amin.