Alhakin Cinikin Wuƙa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jega, in ya bi ta wajen rumfunan maƙera, zai ga an shimfiɗa buhu a ƙasa an jera ƙarafa a kai: ga lauje, ga fartanya, ga gatari da adda, ga kuma wuƙaƙe iri iri, tun daga 'yar ƙaramar da mata ke yanka kuɓewa da ita har zuwa barho mai kube. Mutum ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya gwada kaifinta a farcensa, a yi ciniki, a sallama, ya soke ta a ƙugu ya yi gaba. Ba a tambaye shi sunansa ba, balle garinsu. Haka a ke yi tun kaka da kakanni, gama Jega tsohuwar kasuwa ce. Tun da Malam Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen shekarar 1820, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro su ke yada zango a nan, ba kuwa falken da zai shiga wannan doguwar hanya ba da makami a jikinsa ba.

To, ga tambayar da na ke so mu tsaya a kanta, ni da kai mai karatu. In wuƙar da aka saya yau ta sha jinin mutum gobe, shin wanda ya sayar yana da kaso a cikin alhakin, ko kuwa da ya karɓi kuɗinsa ya fita ke nan?

Bari mu fara ba mai sayarwa hakkinsa. Wuƙa abin zaman duniya ce, ba gidan da zai kwana uku babu ita. Manomin albasa na Aliero da ita ya ke datse ganye kafin ya kai albasarsa rumbu. Manomin shinkafa na ƙasar Maiyama, in ka raba shi da lauje ka raba shi da abincin shekara. Mahauci, da baduku, da masunci na bakin Gulbin Zamfara, da mai gidan da zai yanka ragon layya, duk ƙarfen maƙeri su ke jira. A cikin mutanen da ke tsugunawa gaban buhun nan, kusan dukkansu aikin halal ya kawo su. Saboda haka maƙeri yakan ce, “Ni ƙarfe na ƙera, ƙarfe kuwa ba shi da niyya. Niyya tana zuciyar mai riƙo.” Wannan magana da ƙanshin gaskiya. Amma fa ba ita ce dukkan gaskiyar ba.

Wata rana ina zaune a rumfar wani tsohon maƙeri, ina jiran ya gyara mini ƙotar gatari, sai ga wani saurayi ya zo yana huci, wuyan rigarsa a yage, idanunsa jajur. Ko sallama bai yi ba, ya nuna wata wuƙa mai baki biyu, ya ce, “Nawa wannan?” Tsohon ya faɗi kuɗi. Saurayi bai taya ba, sai ya sa hannu aljihu.

Tsohon ya dube shi, ya ce, “Samari, me za a yanka?”

Ya ce, “Baba, ina ruwanka? Kuɗinka zan ba ka.”

Tsohon ya janye wuƙar ya tura ƙarƙashin buzu, ya ce, “Yau dai ba na sayar da ita. Ga ruwa nan a randa, zauna ka sha. In Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa ka dawo, zan rage maka.”

Saurayin ya yi tsaki, ya juya ya tafi. Na tambayi tsohon yadda ya gane. Ya ce mini wanda zai yi aiki da wuƙa yakan juya ta, ya duba ƙota, ya tambayi ko ƙarfen sifirin ɗin mota ne, ya yi ta ciniki har ka gaji da shi. Wanda ya biya bai taya ba, ba aiki zai yi da ita ba. Ran nan tsohon ya yi asarar ciniki, cinikin kuwa yana bukatarsa, don na ga abin da ke cikin ɗan kwanon kuɗinsa.

Abin da tsohon nan ya yi da basirarsa, shi ne waɗansu manyan ƙasashe su ka daɗe suna fama su mayar da shi doka. A Amurka akwai wata irin kasuwa da a ke ci a manyan zauruka, galibi ran Asabar da Lahadi, ta baje kolin bindigogi. Akan jera tebura ɗaruruwa, wannan na bindiga, wancan na harsashi, a tsakaninsu kuma ga masu wuƙaƙe, na farauta da na soja da na ado. Tun shekarar 1998, ɗan kasuwar da ke da lasin sayar da bindiga dole ne ya aika da sunan mai saye a bincika, ko yana cikin waɗanda shari'a ta hana su riƙe makami. Amma dokar tarayyarsu ba ta ɗora wannan a kan mutumin da ya kawo tasa bindigar ta kansa zai sayar ba, sai a jihohin da su ka yi tasu dokar, kamar Kalifoniya. Teburin wuƙa kuwa ba a binciken sunan kowa a kansa. A 1958 dai sun hana fataucin wuƙar nan mai fitowa da kanta in an danna maɓalli daga wata jiha zuwa wata. Ingila ta hana sayar da irinta a 1959, yanzu kuma laifi ne a can a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba wuƙa. A nan Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon ta ce ko bindigar toka ta maharba sai da lasin.

Duk dokokin nan abu guda su ke nema, watau su tilasta wa mai sayarwa ya san wanda ke gabansa. Don me? Don kasuwa in ta yi girma, ta cika da baƙi, sai ta ba mutum damar ya ƙi sani. A ƙauye maƙeri ya san kowa, ya san wanda ya yi faɗa da wansa a kan gona jiya, ya san yaron da ya fara shaye-shaye. A babbar kasuwa kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya dubi kuɗi, kada ya dubi fuska.

Ni a ganina alhaki sani ya ke bi, sanin kuwa hawa uku ne. Na farko, mutum ya sayar bai ga wata alama ba, daga baya aka yi ɓarna da abin. Wannan ba ruwansa, ba a ɗora wa kowa sanin gaibu ba. Na biyu, ya san sarai abin da za a yi, ko an faɗa masa, ko ya san mai sayen ɗan fashi ne, amma ya sayar. Wannan abokin tarayya ne. Malaman Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa bai halatta a sayar wa mai tare hanya makami ba, kamar yadda bai halatta a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi ba. Dokar laifuffuka da aka fara aiki da ita a Jihar Arewa a 1960 ita ma ta sa wanda ya taimaka da gangan a sahun wanda ya aikata. Waɗannan biyu ba gardama a kansu.

Hawa na uku shi ne mai wuya, a nan kuma yawancinmu mu ke faɗawa. Shi ne mutum ya ga alama, zuciyarsa ta ɗarsa, amma ya ƙi tambaya don kada amsar ta hana shi ciniki. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya zo neman wuƙa mai baki biyu. Baƙo ya zo da dare yana son adda ashirin, bai kuwa yi kama da mai sari ba. Mai sayarwa ya ce a ransa, “Ai ban sani ba.” Lalle bai sani ba, amma shi ya rufe idon da kansa. Wanda ya toshe kunnensa da yatsa ba ya ce kurma ne shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na san abin da wani zai ce: “In na hana shi, ai zai saya a rumfa ta gaba. Na yi asara a banza, ba wanda na ceta.” Akwai amsa biyu. Ta farko, ba a tambayar mutum abin da hannun maƙwabcinsa ya yi, nasa za a tambaye shi. Ta biyu, yawancin sukan da a ke yi a garuruwanmu na zuciya ne, zuciya kuwa kamar wutar kara ta ke, ba ta daɗewa. Tafiyar da mai fushi zai yi daga wannan rumfa zuwa waccan, da tambayar da aka yi masa, da kunyar an gane shi, sau da yawa sun isa wutar ta lafa. Ba kullum ba, amma ran da su ka isa, rai biyu aka ceta, na wanda za a soka da na wanda zai ƙare kwanansa a gidan yari.

Amma a yi hattara da wani rami da ke gefen wannan hanya. Alamar da na ke nufi ta hali ce, ta abin da mutum ya faɗa ko ya yi a gabanka. Kamannin mutum da harshensa ba alama ba ce. Tun da fitinar 'yan bindiga ta addabi ƙasashen nan, har aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yawuri cikin watan Yuni na 2021, zukata sun cika da zargi. Sai ka ga makiyayi ya zo sayen addar da zai sassabe wa shanunsa ganye, irin wadda ubansa da kakansa su ka saya a wannan kasuwa, a bi shi da harara don kawai Bafillace ne. Wannan zalunci ne, ba ya kuwa kare kowa. Rufe ciniki gaba ɗaya shi ma ba magani ba ne. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako don a yanke wa 'yan bindiga hanyar sayayya, talakan da ke ci daga kasuwa zuwa kasuwa ya sha wuya ƙwarai, fitinar kuma ba ta ƙare ba. Abin da a ke bukata shi ne ido mai rarrabewa, irin na tsohon nan.

Yanzu sai mu juyo kanka, kai mai saye, don rabin maganar taka ce. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi kanka inda wuƙar nan za ta kwana. In a madafa ne, ko a gona, ko a rumfar fawa, to, madalla. In kuwa a ƙugunka za ta kwana, ka shiga da ita dandali da wurin kallon dambe da taron siyasa, to, sake tunani. Za ka ce don tsaron kai ne. Tsoro gaskiya ne, ba kuwa mai zargin mutumin da ya ajiye abin kāre iyalinsa a gida. Amma wuƙar aljihu ba ta tare ɗan bindiga. Wanda ta ke samu shi ne abokinka da ku ka yi musu a kan bashi, ko ɗan acaɓan da ku ka yi sa-in-sa a kan canji. Faɗan da dā zai ƙare da mari, ko da karaya, sai ya ƙare da gawa. Masu ɗorin Aliero, da sunansu ya kai ko'ina a Arewa, suna haɗa ƙashin da ya karye, amma ba wanda ya iya mayar da jinin da ya zuba. Dubi abin da ya sami samarin unguwannin Kano da su ka faɗa daba da ƙwacen waya: da yawansu da 'yar wuƙar tsaron kai su ka fara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Addini ma bai bar riƙon makami ba ladabi ba. Ya zo a Buhari da Muslimu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, don kada ya ji wa wani. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. In tsinin kibiyar da ba a yi nufin kowa da ita ba an ce a rufe shi a kasuwa, ina ga wuƙar da aka saya da wani a zuciya?

Gyaran nan bai fi ƙarfinmu ba, ba sai mun jira doka daga Birnin Kebbi ko Abuja ba. Muna da Sarkin Maƙera, muna da Sarkin Kasuwa, muna da hakimai da dagatai. In maƙeran Jega da na Aliero da na Maiyama su ka haɗa baki cewa ba a sayar wa yaro wuƙa mai baki biyu sai da babbansa, ba a sayar wa mai huci ko mai maye, wanda kuma ya zo sayen makami da yawa sai an san shi ko an san mai masaukinsa, to, zancen rumfa ta gaba ya mutu, don rumfa ta gaba ita ma za ta hana. Dā ma haka kasuwa ta ke a zamanin fatake, baƙo ba ya babban ciniki sai ta hannun fatoma ko dillalin da ya tsaya masa.

Kai kuma da ka yi yaƙi da jahilci har ka iya karanta wannan, karanta wa maƙerin unguwarku da bai samu zuwa aji ba, ka ji abin da zai ce, watakila ya fi ni sanin alamun. In kana da ɗa saurayi, ka san abin da ke ƙarƙashin rigarsa kafin 'yan sanda su sanar da kai. Da na sani ƙeya ce. Allah ya sa ƙarfen maƙeranmu ya ƙare a gona da madafa, ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin rai, amin.