Nadama da Tuba

Ya ɗan'uwa mai neman hanyar Allah, baƙin ciki a kan laifi iri biyu ne. A fuska kamarsu ɗaya, amma ƙarshensu dabam. Manzo Bulus ya rarrabe su cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 7.

Ka dubi gonakin ƙasar Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, sai layin gamba kaɗai ke raba su. Wani mutum kowace damina yakan matsa gambar, ya haɗiye kunya ɗaya daga gonar maƙwabcinsa. Shekara biyar yana barcinsa lafiya lau. Ran da aka kai shi gaban dagaci, dattawa suka nuna tsohuwar iyaka, sai ga hawaye. Me yake wa kuka? Ba zunubin ba, gama zunubin yana nan tun shekarar fari, bai hana shi cin tuwo ba. Tonon asiri ne yake wa kuka. Da ba a kama shi ba, da ya ƙara ta shida.

Cikin dare ɗaya almajiran Yesu biyu suka faɗi. Yahuza ya bashe shi a kan azurfa 30, Bitrus ya yi musun saninsa sau uku. Kada ka ce Yahuza bai yi nadama ba. Ya yi ƙwarai, har ya furta laifinsa, ya mayar da kuɗin. Amma wurin manyan firistoci ya kai baƙin cikinsa, su kuwa suka bar shi da kayansa, ya tafi ya rataye kansa. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwa ba, har Ubangiji da ya tashi daga matattu ya same shi a bakin tekun Tibariya, ya sāke danƙa masa kiwon tumakinsa. Ashe mayar da abin zalunci kaɗai bai isa ba, sai mutum ya koma wurin wanda ya yi wa laifi.

Duk da haka mayarwa wajibi ce. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya ɗauki alkawarin biya ninki huɗu, ba kuwa wanda ya kai ƙararsa.

In fa akwai kunyar wani cikin gonarka, kada ka jira dagaci. Ka fara roƙon gafarar Allah cikin sunan Almasihu. Sa'an nan ka tafi wurin maƙwabcinka kafin ruwan shuka, da mai unguwa shaida, ka mayar da gambar wurinta, ka kai masa damin geron da ka ci, shekara da shekara.